Safar da Ba a Cire Ba

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar baya ta asibitin koyarwa ya san mai gyaran takalman nan da ke zama jikin katangar ɗakin kwanan ɗalibai, wanda bai san fuskarsa ba ma ya san muryarsa. Shekara ashirin da huɗu yana wurin, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano mai yoyo ta gefe guda. Kayan aikinsa ba su da yawa: basilla biyu, guduma, zare, gwangwanin gam, burushi uku, sai wani ƙarfe da yake kifa takalmi a kai in zai buga ƙusa. Rabin masu kawo masa aiki ɗaliban likitanci ne, su ne kuma suka laƙaba masa suna Farfesa. Tsokana ce, ya sani sarai, amma ya karɓi sunan ya riƙe, don a ganinsa cikin ginin nan akwai masu amsa shi da bai ga da me suka fi shi ba.

Mutum ne mai faɗa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ka kawo masa takalmin da ka take bayansa har ya kwanta, sai ka sha wa'azi kafin ya ɗauki basilla. Ka tsaya masa a kai kana duba agogo, ya ajiye naka ya ɗauki na wani. Matarsa ta daɗe tana cewa bakinsa ne zai kai shi ƙasa kafin ciwon suga ya kai shi, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wai ai gaskiya yake faɗa. Gaskiyar yake faɗa kam, sai dai yakan naɗe ta da baƙar magana har mai ji ya kasa gane ta.

Ciwon sugan shekararsa goma sha bakwai a jikinsa, kuma ba a littafi ya karanta shi ba. A shekara ta shida wata 'yar tsakuwa ta shige masa takalmi, ya yini yana yawo a kanta yana neman fata a kasuwa, bai ji komai ba. Sai da ya dawo gida zai cire safa ya ga ta manne da tafin ƙafarsa. Ya ce ai ba zafi, ya shafa mai ya ɗaure. Bayan wata guda aka cire masa yatsu biyu na ƙafar hagu. Tun daga ranar duk takalmin da aka miƙo masa, ko gogewa kawai aka ce ya yi, sai ya zura hannu ciki ya lalube shi tun daga dunduniya har baki. Kullum da yamma kuma yakan ajiye guntun madubi a ƙasa ya duba tafin ƙafarsa.

Wannan ƙafar ce ta sa ake kiransa cikin ginin sau biyu a shekara. In lokacin jarrabawa ya zo, malamai kan nemo marasa lafiya na gaske su kwantar a gado, ɗalibi ya shigo ya duba, malami yana tsaye da takarda yana ba da maki. Shekara goma Farfesa yana ba da aron ƙafarsa. Kuma in ka ga yadda suke yi da ita ranar, sai ka rantse ba a taɓa haihuwar masu kula irinsu ba. “Baba, ka yarda in cire maka safa?” Su wanke hannu, su durƙusa, su buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, su leƙa dunduniya, su danna bayan ƙafa suna neman bugun jini. Su ce ya rufe ido, su riƙa taɓa tafin da wani siririn zaren roba suna tambaya ko ya ji. Har takalminsa suke ɗauka su leƙa ciki. Sannan ɗalibi ya miƙe ya fuskanci malami ya zubo karatu da Turanci, ba gargada. Farfesa ba ya jin Turanci, amma wata nas ta taɓa fassara masa, kuma ya ji abin ya fi sau ɗari har ya san inda suke jan numfashi: ciwon suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, mai shi yakan ji rauni bai sani ba, saboda haka ba tambaya ake yi ba, dubawa ake yi.

Da an gama jarrabawa kuwa, sai abin ya bi ruwa. Yakan tare su a rumfa in sun kawo gyara.

“Yau masu suga nawa kuka gani?”

“Sun kai goma, Farfesa.”

“Ƙafa nawa kuka gani?”

Sai su kwashe da dariya, su ce Farfesa ya fara lacca. Shi kuwa ya ja tsaki ya ci gaba da ɗinki, yana cewa Allah Ya kiyaye mutum da faɗawa hannunsu ranar da babu mai ba da maki.

Mutum ɗaya ce a duniya bakinsa ba ya aiki a kanta, yayarsa. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ita tana da goma sha huɗu. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi wurin wanda ya koya masa sana'a ta ce a dake shi in ya yi wasa. Yanzu ga furfura a gemunsa, ga jikoki, amma a bakinta har gobe Auta ne. Tana sayar da kwanuka da bokitai da kofuna a kasuwa, a wani lungu da ba wurin ajiye kujera, saboda haka a tsaye take yini. Da ƙafafun nan ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Shekara shida da suka wuce ita ma aka ce tana da suga. Magani kam ba ta wasa da shi, ba ta taɓa tsallake ranar ganin likita ba, kuma duk abin da mai farar riga ya faɗa, a wurinta ya zauna. Abin da Auta ya faɗa kuwa surutun Auta ne.

Wata Litinin da hantsi ta biyo ta rumfarsa, ta zauna a benci, ta tuɓe takalminta na dama ta tura masa, wai dunduniyar tana ƙara in tana tafiya. Baƙar safa ce a ƙafarta kamar kullum, don ta ce ƙafafun suna yi mata sanyi ko da ana zafi. Ya zura hannu yadda ya saba, sai ya janye da sauri. Jini ne a kan ɗan yatsansa. Ƙusar dunduniya ce ta hudo ciki, tsininta a tsaye, kuma kewaye da ita shimfiɗar takalmin ta yi wani tabo mai duhu, ya bushe ya sake jiƙewa. Ya kai hanci. Ya san warin.

“Yaya, tun yaushe kike taka wannan?”

“Wanne?”

“Ƙusa ce ta fito ciki. Cire safar nan in gani.”

Ta dube shi sheƙeƙe. “A bakin titi? Gaban mutane zan miƙa maka ƙafa? Auta, ka fita idona.”

“To mu zaga bayan rumfa.”

“Ba abin da ke min ciwo. Da ƙusa ta soke ni ai da na ji, ni ba itace ba ce.”

“Ba za ki ji ba, Yaya. Ni na ji nawa ne?”

“Naka sakacinka ne. Alhamis ina da ganin likita, in akwai wani abu su da suka yi karatun za su gani. Kai dai gyara min takalmi, na bar kaya ba kowa.”

Ya zare ƙusar, ya sa sabuwar shimfiɗa mai laushi, ya miƙa mata ransa a ɓace. Ya san ba za ta duba da kanta ba. Idonta ya yi rauni, gwiwa kuma ta daɗe da daina lanƙwasuwa yadda za ta ga dunduniyarta. Ya lallashi kansa da cewa kwana uku ba su da yawa. Ranar Alhamis ya ɗaure kayansa ya rufe rumfa, ya bi ta ba tare da ta gayyace shi ba.

Sashen masu suga ranar ba masaka tsinke. Tsarin wurin shi ne ɗalibai su fara ganin mutum, su yi masa tambayoyi, su cike takarda, sannan a wuce da shi wurin babban likita ya duba abin da suka rubuta. Tun sassafe suke kan benci, ba a kira su ba sai wajen sha ɗaya. Ɗakin ɗan ƙarami ne, tebur biyu, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Akwai gadon duba marasa lafiya jikin bango, amma an jibge fayiloli da jakunkunan ɗalibai a kansa, ko kyanwa ba za ta sami wurin kwanciya ba.

Da Farfesa ya ga wanda ke bayan teburin sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Wani dogon ɗalibi ne mai tabarau, mai ladabi, wanda mako shida da suka wuce ya duba ƙafarsa a jarrabawa har malami ya gyaɗa kai. Ya ce a ransa sun faɗa hannu na gari.

Mai tabarau ya gaishe su a gurguje. Gefen hannunsa akwai wani ɗan koren littafi, irin wanda kowane ɗalibi ke yawo da shi, wanda sai babban likita ya sa hannu a kan adadin marasa lafiyar da ka gani kafin a bar ka ka wuce wani sashe. Ya tambayi Yaya abinci, ya tambaye ta magani, da ƙishirwa, da fitsari. Ya ɗaura mata abin awon jini a hannu. Ya soki ɗan yatsanta ya ɗiga a na'ura, ya dubi lambar ya yi murmushi.

“Mama, kin yi ƙoƙari. Suganki ya yi kyau ƙwarai.”

Yaya ta waigo ta watsa wa ƙanenta harara. Daga nan sai ɗalibin ya buɗe shafin zuwanta na baya, ya ajiye sabuwar takarda kusa da shi, idonsa a hagu, biro yana gudu a dama. Farfesa bai iya karatu ba, amma ya san kwafa in ya gan ta.

“Likita, ƙafa fa,” in ji shi.

Mai tabarau bai ɗago ba. “Mama, ƙafarki tana yi miki ciwo?”

“Ko kaɗan, ɗana.”

Ya rubuta wani abu gajere ya ja layi.

A nan ne ya kamata Farfesa ya haɗiye fushinsa ya ce, ɗana, ƙusa na ciro daga takalminta ranar Litinin, akwai jini a wurin. Maganar ke nan, ba ta da tsawo. Amma ina, zuciya ta riga ta ɗebe shi.

“Kai yanzu wannan ce tambayar da aka koya maka? Mai suga kake tambaya ko ƙafa tana ciwo? Ran da ka durƙusa gabana kana lallaɓa min yatsu, ashe maki kake lallaɓawa? Ga tabarau a fuska, gani ne babu. Wallahi da irinku gara mutum ya zauna gida.”

'Yan mata biyu ɗalibai da ke ɗaya teburin suka ɗago kai, ɗaya ta sa fayil ta rufe baki. Fuskar mai tabarau ta canja.

“Baba, nan ba rumfar shumeka ba ce. Mutum arba'in ne a waje suna jira.”

“Ƙusa ta soke ta, na ce ka cire safar!”

“Ƙusar ya zare ta tun Litinin,” in ji Yaya cikin kunya. “Rabu da shi, ɗana, haka yake tun yana yaro. Ni ban ji komai ba.”

“In akwai matsala babban likita zai gani,” in ji ɗalibin, ya rufe fayil ya ce a turo na gaba.

Nas ta shigo ta ce ɗan rakiya ya fita. Ya fita yana faɗa, ya tsaya a baranda yana faɗa, har mai gadi, wanda shekara da shekaru Farfesa ke ɗinke masa takalmi, ya kama hannunsa ya raka shi bakin ƙofa yana ba shi haƙuri. Babban likitan kuwa mutum saba'in ne a gabansa ranar. Ya dubi lambar suga, ya dubi layin da aka rubuta ƙafafu lafiya, ya yarda da ɗalibinsa kamar yadda ɗalibin ya jingina da shi, ya sabunta magani ya ce ta dawo bayan wata uku. Minti biyu ba ta cika a ɗakin ba. Ta fito da safarta yadda ta shiga da ita.

A bakin ƙofa ta same shi.

“Ka ji daɗi? Ka tozarta ni gaban 'ya'yan mutane. Likita biyu sun duba ni sun ce lafiyata lau.”

“Sun ga ƙafar?”

“Kada ka sake tako min gida sai ka koyi magana.”

Sau uku ya je gidan. Na farko ta ƙi fitowa. Na biyu ya sami autar 'ya'yanta da ke zaune tare da ita, ya roƙe ta don Allah ta duba dunduniyar uwarta. Yarinyar ta ce, “Kawu, Mama ta ce likita ya duba.” Amma dai ta leƙa wata rana uwar tana barcin rana, ta zo ta gaya masa ɗan rami ne bai fi ƙwayar wake ba, ba jini, ta ma shafa mata magani. Ya ce a kawo ta asibiti yau ɗin nan. Yaya ta aiko masa cewa katinta ya ce wata uku, kuma ba shumeka ya rubuta katin ba. Zuwa na uku ko sallamarsa ba a amsa ba.

Ya koma zuwa kasuwa, ya tsaya can tsallake yana kallonta tana kai da kawowa tsakanin bokitai, tana ciniki, tana dariya da maƙwabta. Tafiyarta daram, ko alamar ɗingishi babu, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Da tana ɗingishi da ya san ƙafar tana gaya mata wani abu. Ya nemi mai tabarau, aka ce an mai da su sashen yara, yanzu ta ƙofar gaba yake bi. Ya tare wasu ɗaliban ya ba su labari, suka ce gaskiya ya kamata a duba, suka karɓi takalmansu suka tafi aji.

Kwana goma sha tara bayan Alhamis ɗin, da safe yana shimfiɗa kaya, yarinyar ta zo a guje. Mama kwana biyu tana zazzaɓi, yau ta fara sambatu, ƙafa ta kumbura har ƙauri, ɗakin ba ya shiguwa don wari. A ɗakin gaggawa safar ta ƙi fita, sai da aka sa almakashi. Farfesa ya duba sau ɗaya ya juya ya dafa bango. Dunduniyar ta yi baƙi, ta buɗe, kuma ja ya hau sama ya wuce idon sawu.

Babban likitan nan aka kira. Ya duba, ya sa aka ɗauki hoto, ya dawo ya ce ruɓar ta kai ƙashi kuma ta fara shiga jini. Ko a yanke daga ƙasan gwiwa yau, ko a rasa ta gaba ɗaya. Yana magana yana buɗa fayil, har ya zo shafin Alhamis. Ya tsaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya tambayi nas wane ɗalibi ne ya rubuta wannan. Yaya ba ta cikin hayyacinta, yarinyar kuma kuka ya hana ta riƙe biro. Farfesa ne ya dangwala yatsa a takardar da ta ba su izinin yanke ƙafar yayarsa.

Kwana huɗu bayan aikin, da la'asar, mai tabarau ya zo rumfa. Ba farar riga a jikinsa, ba kuma takalmin gyara a hannunsa. Ya gaida Farfesa, ba a amsa ba. Ya tsaya yana murza hannu.

“Baba, na zo ne in ba ka haƙuri.”

“Ba ni ka yanke wa ƙafa ba.”

“Na je wurinta, na kasa shiga.”

Farfesa ya ajiye guduma. “Ran jarrabawa, da ka gama da ƙafata ka juya wurin malaminka, me ka ce masa? Faɗa min da Hausa.”

Ɗalibin ya sunkuyar da kai. “Na ce ciwon yana kashe jijiyoyi. Mai shi ba ya jin zafi. Ba a tambaya, dubawa ake yi.”

“Ka sani ke nan.”

“Na sani.”

“To me ya hana ka?”

“Ranar ce ta ƙarshe a sashen, saura mutum uku littafina ya cika, kuma babban likita yana tashi ƙarfe ɗaya. Na ga na baya ya rubuta ƙafafu lafiya, sai na bi shi. Haka kowa yake yi.” Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. “Likita ya bi fayil ɗin tun daga farko. Shekara shida layin nan ɗaya ne, hannu ne kawai yake canjawa. Yana jin tun zuwanta na farko ba wanda ya sake ganin ƙafar.”

Shekara shida. Zuwa asibiti sau ashirin da wani abu, kowanne ta tashi da sassafe ta bar kasuwa, ta zauna a benci har rana ta take, ta koma gida tana yabon 'ya'yan mutane. Farfesa ya ji kamar ya ɗauki ƙarfen nan ya rotse wani abu.

“Na gaya maka ƙusa. Ko ba ka ji ba?”

“Na ji, Baba. Wallahi na ji. Amma ka riga ka zage ni gaban abokan karatuna. Na ga in na durƙusa a lokacin, za a ce shumeka ya koya min aiki.”

“To kunyarka ta tsira, tana nan da ƙafafunta biyu. Me aka yi maka?”

“An ce in maimaita sashen, wata uku.”

“Wata uku. Tashi ka ba ni wuri.”

Bayan ya tafi Farfesa ya ɗauki zare zai sa a basilla, sai ya ajiye. Ya tsani yaron, ya tsani koren littafin, ya tsani duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban ƙafarsa yana neman izini da murya mai daɗi. Amma abin da yaron ya faɗa na ƙarshe ya zauna masa a ƙirji ya ƙi wucewa, don ya san bai yi ƙarya ba. Da ya fara da ƙusar ya bar maganar tabarau, watakila da an cire safar. Bai gaya wa kowa wannan ba, ko matarsa.

Kullum yana zuwa ɗakin da aka kwantar da Yaya. Tun da ta farfaɗo ba ta ce masa uffan ba. Yakan gaishe ta, ta juya fuska bango, shi kuma ya zauna a kujerar roba har lokacin fita ya yi. Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma tambayi wanda ke kula da kayanta a kasuwa ba.

A rana ta takwas bayan aikin, da safe yana zaune sai ga babban likita da ɗalibai, sabbin da aka kawo sashen, zagayen koyarwa. Farfesa ya tashi ya jingina da bango ya ƙirga su, goma sha huɗu. Aka ja labule, nas ta kwance bandeji. Nan fa aka fara turereniya, na baya suna ɗage, wasu suna leƙe ta kafaɗar wasu, kowa yana son ya ga dungulmin da kyau. Likita ya yi tambaya, hannaye suka tashi. Wata ɗaliba ta zubo karatun nan, da wurin jan numfashin da komai, likita ya ce madalla. Yaya tana kwance idonta a rufe, ta damƙe gefen zanin gado. Aka mai da bandeji, aka rubuta abin da za a rubuta, aka juya za a wuce gado na gaba.

Ƙafar hagu tana nan miƙe a gefe cikin baƙar safa, yarinyar ta sa mata saboda sanyi. Mutum goma sha biyar sun tsaya a kanta kusan minti goma.

Maganganu suka cika wa Farfesa baki, munana, irin waɗanda ya iya. Ya haɗiye su.

“Likita,” in ji shi a hankali, “ɗayar ƙafar. Ba a cire safar ba.”

Babban likitan ya tsaya cak. Ya dubi ƙafar, ya dubi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Wadda ta yi karatun ta dawo ta durƙusa, ta nemi izini, ta zare safar. Fatar a bushe, da wata 'yar tsaga a gefen dunduniya, ba ta yi zurfi ba tukuna. Aka rubuta mai, aka ce a riƙa dubawa kullum, suka wuce ba hayaniya.

Ya koma kujerarsa. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar keken magani can nesa.

“Auta.”

Ya miƙe da sauri har kujerar ta kusa faɗuwa. “Na'am, Yaya.”

Ba ta buɗe ido ba. “Sosa min dunduniyar nan. Tun asuba ƙaiƙayi ya ishe ni.”

Ya kai hannu ƙafar hagu.

“Ba wannan ba. Ta dama.”

Ya dubi wurin. Daga ƙasan gwiwa zanin gado ne kawai a shimfiɗe, sumul. Can ya sunkuya, ya auna da ido inda dunduniyar za ta kai, ya sa farce ya fara sosa katifa.

“Ƙasa kaɗan,” in ji ta.

Ya yi ƙasa kaɗan.